Katunan da Na Raba a Boɗinga

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Laraba ƙanin matata ya shigo sito. Mu uku ne a wurin: ni, da shi, da maigadi, wani tsohon soja da ke zaune bakin ƙofa yana ɗinkin takalminsa. Na san lokacin daidai domin duk wanda ya ƙetare ƙofar nan sai na dubi agogon hannuna na rubuta. Agogon bango kuwa ya yi damina biyu a tsaye, yana nuna ɗaya saura kwata.

A wancan zamani ni ne mai sito na wani ofishin noman rani a Shagari. Ilimina aji bakwai ne da kwas na wata uku, ban kuma taɓa ɓoye haka ba. Abin da na sani shi ne kowane kaya yana da lamba, kowace lamba tana da mazauni, kuma takarda ba ta barin hannuna sai da hatimi da sa hannu. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, ba a taɓa neman ko ƙusa an rasa ba. Manoma ba sa sona, na sani. Amma daga Kajiji har Danchadi, in aka ce mai sito ya sa hannu, magana ta ƙare. Ba ni da sarauta, gonata ba ta kai a yi maganarta ba. Sa hannun nan shi ne abin da na mallaka.

Shekarar ƙarshe ce ta mulkin farar hula. An tsuke bakin aljihu, sabulu da madara da shinkafa duk sai da layi, kayan gyara kuma sun daina shigowa. A sitona akwai injinan ban-ruwa goma sha biyu, duk matattu. Yawancinsu wata 'yar roba ce ta kashe su, wadda ba ta fi awarwaron jariri ba. Da za a cire ta wannan a sa wa wancan, da huɗu ko biyar sun tashi. Doka ta hana. Ba a taɓa jikin kayan gwamnati sai kwamiti ya zauna ya tabbatar ya mutu. Kwamiti ba ya zuwa sai an aika masa mota. Motar ofis kuwa tana bayan sito a kan duwatsu, ita ma tana jiran kwamiti. Ban yi dokar ba, ban kuma karya ta ba. Na jera injinan bisa ga ranar da kowanne ya mutu, na ɗaura wa kowanne takardarsa. Maigadi yakan ce maƙabarta muke tsaro, shi yana riƙe da ƙofa, ni ina rubuta sunayen mamata.

Ƙanin matata malamin zane ne a wata makaranta a Boɗinga. Ya yi karatu mai zurfi a birni, ya dawo da gemu da jakar fata da magana mai yawa. Mai fenti nake ce masa, shi kuma yana ce mini Yaya, da wata murya da ban taɓa yarda da ita ba. Ran nan ya zagaya sito yana shafa injinan kamar mai neman sayen rago, sannan ya ce aro yake so. Zai yi wani aiki a ɗakin taron makarantarsu lokacin hutu. Na tambaye shi ko zana su zai yi. Ya ce a'a, wannan fasaha ce sabuwa, ba a rataye ta a bango, shiga cikinta ake yi da ƙafa. Ya ce so yake mutane su ga yadda ƙarfe yake mutuwa a hannunmu, da yadda ake juya talaka da layi da taga da kalmar jira.

Na ce masa tarkace ba fasaha ba ne, kuma kayan gwamnati ba abin wasan yara ba ne. Sai ya zaro takarda daga jaka. Shugaban makarantarsu ya rubuta, shugaban ofishinmu ya sa hannu a ƙasa, da kwanan wata da komai. Na karanta sau biyu ina neman kuskure, ban samu ba.

"Yaya, da makaminka na zo maka," in ji shi.

Na ba shi. Injina goma sha biyu, tiyo, bututun ƙarfe, agogon bango, wayar tarho da aka kawo mana ba a taɓa haɗa ta da komai ba, lasifika, sandar tare hanya, teburi ɗaya, kujera ɗaya mai gurguwar ƙafa, da wani tsohon hatimi na ofis da aka daina aiki da shi tun da aka kawo sabo. Kowanne na rubuta, ya sa hannu. Washegari ya zo da motar 'yan albasa, buɗaɗɗiya, aka loda. Ko tamfol bai rufa ba. Haka suka bi titi daga Shagari zuwa Boɗinga, kowa yana gani.

Abin da ban sani ba shi ne, kwana takwas ya yi a filin makaranta yana wanke injinan da kananzir yana shafa musu koren fenti, katangar makarantar kuwa ba ta kai ƙirjin mutum ba, kuma hanyar kasuwa ce. Ban ba shi izinin fenti ba. Babu wannan a takarda.

Ranar buɗewa Asabar ce. Na tafi ne don in ƙirga kayana, ba don kallo ba. Na isa ƙarfe bakwai da rabi. Tun daga bakin titi na ga kekuna da jakuna, na ɗauka rasuwa aka yi. Da na shiga sai ga mutane maƙil a ƙofar ɗakin taro, manoma ne zalla, wasu da igiya a kafaɗa, wasu sun zo da amalanke. Lokacin dashen albasa ne, ba a barin fadama da safe sai da babban dalili. Labari ya zaga tun daga Danchadi har Horo Birni cewa gwamnati ta cika alkawarin zaɓe, sababbin injina sun iso, yau za a raba.

Na sami mai fenti ta ƙofar baya tare da wasu baƙinsa biyu daga birni, ɗaya da kyamara a wuya. Ya ja ni in ga aikin. Zan faɗe shi yadda yake a jere. Da farko sandar tare hanya. Bayanta wani siririn lungu da ya yi da bututun ƙarfe, wanda mutum ɗaya kawai yake ɗauka, ya lanƙwasa sau uku. Lungun ya kai ga taga ta katako, bayan tagar teburina da kujerata, babu kowa a kai, ga hatimi ga tarho. Sama da tagar agogo, yana nan a ɗaya saura kwata. In ka wuce taga sai injinan, sun yi da'ira, kowanne an haɗa bakinsa da na gaba da tiyo, na ƙarshe ya tafi ga famfo, ƙarƙashin famfon busasshen daro. Lasifika kuma an haɗa ta da rikoda, wata murya tana ta maimaita a jira tukuna, a jira tukuna. Takarduna na jikin injinan bai cire ba. Ko jerin da na yi musu bai sauya ba. Sitona ne ya ɗauko ya yi wa kwalliya.

Na ce masa ya fita ya gaya wa mutanen nan gaskiya. Ya ce ya faɗa sau uku. Na ce ya sake. Ya hau benci ya ce ba rabo ba ne, kallo ne, injinan ba sa aiki. Wani daga baya ya amsa masa cewa haka ake faɗi kullum in ana so a rabe abu tsakanin manya. Wani ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin an yi wa mushe fenti ba. Aka yi dariya, aka ƙara dannowa. Gilashin taga ɗaya ya fashe. Na juya na ga mai fenti, fuskarsa tana haske. Yana gaya wa baƙinsa cewa ko da kuɗi ba zai iya sayen wannan ba, aikin ya cika da kansa.

A nan ne wani dattijo ya faɗi. Mutumin Danchadi ne, na san shi, mai lambun albasa, da jigo yake ban-ruwa tun kafin a haife ni. Aka take masa hula, aka take masa hannu. Ni kuwa akwai abin da jinina ba ya ɗauka, shi ne turereniya. Ban yi shawara da kowa ba. Na hau bencin na daka tsawa irin ta bakin sito, aka yi tsit, domin sun san muryar. Na ce kowa ya zauna ƙasa. Suka zauna. Na ce ba rabo ake yi ba, amma tun da ba su yarda ba, za su shiga ɗaya bayan ɗaya su gani da idonsu, kuma ba mai shiga sai da lamba. Na faɗi haka da babbar murya, akwai shaidu.

Na sa aka kawo kwalin sabulu da almakashi daga ajin zane. Na yanka kati daidai wa daida, faɗin yatsa uku. Ina bukatar wurin rubutu, babu teburi a ɗakin sai ɗaya, saboda haka na zauna a kujerar nan ta bayan taga. Na rubuta lamba ɗaya da jar tawada. Sannan hannuna ya ɗauki hatimi ya buga, ya sa hannu a ƙasa, kamar yadda ya saba shekara goma sha ɗaya. Ban yi tunani ba. Da na yi tunani ma ban san ko zan iya miƙa takarda tsirara ba. Kati tamanin da huɗu na rubuta, kowanne da hatimin ofis da sa hannuna, na kuma shigar da lambar da sunan mai ita a littafina. Na ɗaya na ba dattijon da ya faɗi.

Suka shiga cikin natsuwa, wannan kam ba mai musu. Kowa ya bi lungu, ya tsaya a taga, ya nuna mini kati, na ɗaga kai, ya wuce. Lasifika tana ta a jira tukuna, ba wanda ya ga abin mamaki a ciki, domin abin da suka saba ji ke nan. Dattijon ya zagaya da'irar sau biyu. Ya tsaya a inji na uku, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya yago ƙyalle daga bakin rawaninsa ya ɗaura a hannun injin. Na ce masa Baba, wannan ba ya aiki. Ya ce ai ya sani, sabon inji sai an zuba mai. Na ce ba za a ba kowa ba. Ya dubi katin, ya dube ni, ya yi murmushi irin na wanda ya gane ana ɓoye magana saboda idon jama'a, ya soke katin a cikin hularsa.

Duk wannan mai kyamara yana ta ɗauka. Sai da na sallami na tamanin da huɗu na lura da inda nake zaune. Mai fenti ya zo ya dafa tagar.

"Na bar kujerar nan ba kowa da gangan," ya ce. "Na ce mai ita zai zo da ƙafarsa."

Na ce masa ya maimaita. Ya ce wasa yake yi, ai ni abokin wasansa ne. Na ce daga yau ba ni da wasa da shi. Na ƙirga kayana a gabansa, sun cika, ban da fentin da ya ƙaru. Litinin aka mayar da su Shagari.

Abin da ya biyo baya shi ma a jere ya zo. Na farko, manoma suka fara zuwa sito da kati. Kullum sai na sami biyar ko shida zaune a inuwar katanga. In na yi bayani sai su ce to, su tafi, su dawo mako mai zuwa. Maigadi ya ce da ni: "Kai kab ba su takarda, kuma kai ka cewa ba takarda ba ce. Wa za su yarda da shi, bakinka ko hannunka?" 

Na biyu, soja suka karɓi mulki. Kwamitin da muka yi shekara biyu muna jira ya zo cikin kwana ɗaya, a motar soja. Suka leƙa, suka ce duka sun mutu, suka sa hannu. Bayan mako biyu wata babbar mota ta zo ta kwashe injinan a matsayin tsohon ƙarfe. Da rana tsaka aka loda su, koraye shar, ƙyallen dattijo yana nan a hannun na uku, masu kati suna zaune a inuwar katanga suna kallo.  Kafin la'asar an san a kasuwa cewa mai sito ya sayar da injinan talakawa.

Na uku, aka yi rage ma'aikata, sunana yana ciki. Ba a rubuta dalili ba. An rage mutane da yawa a lokacin, ba zan ce saboda kati ne ba, tun da ban gani a rubuce ba. Aikin ban yi kukansa ba kamar yadda na yi kukan mutuncina. A masallacin unguwarmu mutumin da muka yi shekaru muna haɗa kafaɗa ya fara barin tazara tsakaninmu. Da aka zo ɗaurin auren 'yar maƙwabcina, ni aka saba kira in rubuta shaidu, sai aka kira wani.

Matata ta ce in je in sami ƙaninta, ya fito ya yi wa mutane bayani. Na aika masa. Ya zo Shagari sau ɗaya, ya tsaya a kasuwa ya yi magana kan fasaha da mulki, aka watse aka bar shi. Kafin damina ya sami aiki a birni ya tafi. Daga baya na ji hotunan sun zaga, an rataye su a manyan ɗakuna, masu ilimi suna tsayawa a gabansu suna gyaɗa kai. Ya aiko mini da guda ɗaya ta hannun yayarsa. Ga ni a bayan taga, kaina a sunkuye, hatimi a sama, layin talakawa a gabana. Ya rubuta a baya cewa ba don ni ba da aikin bai tsaya da ƙafarsa ba. Ina da hoton har yau, a kife. An ce mini abin da ya yi tona asirin zalunci ne. To, wanda ya ƙi sayo roba yana nan lafiya, wanda ya rubuta dokar kwamiti yana nan lafiya, mai fenti ya yi suna. Waɗanda suka bar fadama ranar Asabar da wanda ya raba musu kati, su ne suka biya kuɗin kallon.

Ban ce ba ni da laifi ba. Nasa laifin uku ne: fenti, buɗaɗɗiyar mota, da farin cikin da ya yi lokacin da tsoho yake ƙasa. Nawa ɗaya ne, amma shi ne mai sa hannu.

Da na ga zama ba zai wanke ni ba, sai na yanke shawara in karɓo katunana. Takardar da aka bayar bisa kuskure janye ta ake yi, haka aka koya mana a kwas. Na hau keke na bi ƙauyuka, Kajiji, Horo Birni, Danchadi da rugagen da ke tsakani. Duk inda na je sai in nemi mai gari ko liman ya zauna, in faɗi abin da ya faru daga farko har ƙarshe, in nemi afuwa, in karɓi kati, in soke lambar a littafina a gaban mai ita. Wasu sun ba ni da zagi. Wani ya jefa mini nasa a ƙasa, na duƙa na ɗauka. Wani ya ce akuya ta cinye, na sa ya rantse, na soke. Rani biyu na yi ina wannan.

Dattijon Danchadi na bar shi ƙarshe, domin nauyinsa nake ji. Na ji labari cewa a shekarar kati ya ƙara faɗin lambunsa ninki biyu da sa ran inji, jigo ya kasa, rabin dashen ya ƙone. Na same shi a fadama, tsaye bakin rijiya, yana jan jigon nan dai. Na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya tsaya ba. Na yi bayanina duka. Ya saurara har na gama, sannan ya sake gugan, ya cire hula, ya zaro katin. Ya yi laushi, gumi ya cinye gefensa, amma lamba ɗaya tana nan ja.

Na miƙa hannu. Bai ba ni ba.

"Ka ce babu komi bayan wanga kati?"

Na ce babu, Baba.

"To in babu komi, mi kaka so da shi? Mutum ba shi hawan keke tun daga Shagari don banza."

Na ce sa hannuna nake so in janye. Ya ce sa hannun da aka ba shi nasa ne, ran da injin ya zo sai mu yi musaya. Ya mayar da katin cikin hula, ya kama jigo. Na koma sau biyu bayan haka, amsar ba ta sauya ba. Bayan shekara uku ya rasu. Na je ta'aziyya, na tambayi 'ya'yansa a ranar bakwai, suka ce ba su ga wani kati ba, kuma daga yadda babban ya dube ni na san abin da uban ya bar musu a kaina.

Yanzu ina da kati saba'in da shida a cikin gwangwani, a jere, da ɗaya da na soke bisa rantsuwa. Saura bakwai: na ɗaya, na sha tara, na ashirin da biyu, na arba'in, na hamsin da uku, na sittin da takwas, da na tamanin da ɗaya. Masu su sun mutu ko sun yi ƙaura, amma takarda ba ta mutuwa da mai ita. Tana nan a wani akwati ko cikin wani littafi, tana faɗin cewa na yi alkawari ban cika ba.

Saboda haka, kai mai karatu, in kai ɗan wannan yanki ne, ka duba kayan da mahaifinka ko kakanka ya bari. Katin kwali ne na sabulu, faɗin yatsa uku, lamba da jar tawada, hatimi mai zagaye wanda gefensa na hagu bai fita sosai ba, da sa hannu a ƙasa. In ka same shi, ka tara mutanen gidanku ka gaya musu babu inji a bayansa, ba a taɓa yi ba, ba a kuma sayar da hakkin kowa ba. Sannan kada ka yaga shi, kada ka ƙona. Ka kawo shi Shagari, ka tambayi gidan tsohon mai sito, ka miƙa mini a hannu in soke lambar a gabanka.